Tsakuwar Malam Haladu

Murjanatu ce ta sa na rubuta wannan babi, ko da yake ba ta san ta sa ba. Ranar da ta zo gaishe ni, ta zauna tana nuna mini yadda take koyarwa a jami'a yanzu: ta jefa tambaya a allo, ɗalibai cike da zaure kowa ya latsa amsarsa a waya, nan take ta ga inda ajin ya karkata ba tare da an san wa ya ce me ba. Sai ta ce kowa ya yi gardama da na kusa da shi, a sake latsawa. Na saurare ta har ta kai aya, don ba a katse dakta. Da ta gama sai ta ce ai ta gaya wa abokan aikinta babanta ne ya fara wannan dabara tun kafin a haife ta, da wake da masara. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na kwana biyu abin yana cina, domin rabin gaskiya ce, kuma na lura dukanku 'ya'yana haka kuke ba da labarin. To ga yadda aka yi, tun ina da sauran ƙarfin faɗa.

Lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka ce tsofaffin malaman da ba su da takardar malanta mai daraja ta biyu su koma aji su samo ta. Ni kuwa ban daɗe da gama karatu a Zariya ba, aka turo ni kwalejin horon malamai a Dutsin-Ma in koyar da lissafi. Shekarata ashirin da bakwai, ga sabon babur, ga amarya, wato mahaifiyarku, kuma a ganina duk ƙasar Katsina babu mai kai irin nawa. Ranar farko na shiga ajin da aka ba ni, mutum arba'in da biyu, wasu sa'o'ina, wasu da furfura. Na ɗaga kai zan yi sallama, sai ga Malam Haladu a bencin gaba, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, littafi buɗe a gabansa. Allin da ke hannuna ya faɗi ya karye.

Malam Haladu shi ya koya mini karatun boko a Kurfi. Shi ya yi ta sintiri zuwa Rawayau yana zama a zauren babana har aka yarda aka sa ni makaranta, kuma in damina ta cinye hanya a kekensa yake goyo na. Hedimasta ne, shekara ashirin da uku yana koyarwa. Sau biyu ya zauna jarrabawar nan, sau biyu lissafi yana kayar da shi. An rubuto masa cewa wannan ce ta ƙarshe, in ya sake faɗuwa za a sauke shi, a sallame shi daga aikin baki ɗaya. Kowa a ajin ya san haka, ni ma na sani kafin a tashi a ranar. Na durƙusa na gaishe shi a gaban aji, ya ɗaga mini hannu.

"Tashi, Lawal. Nan kai ne malam, ni ɗalibi. Yi aikinka."

Faɗa ta fi yi sauƙi. Ku da kuka tashi a wani zamani ba lallai ku gane nauyin abin ba. A wancan aji babu mai buɗe baki kafin Malam Haladu ya buɗe, in kuwa ya buɗe an rufe magana. Rabin ajin ɗalibansa ne na da, sauran kuma ba wanda yake so a ce shi ne marar tarbiyya. In na ce kun gane, sai su saci kallonsa. In ya gyaɗa kai, aji ya amsa da murya ɗaya, mun gane, Malam. Shi kuma ba zai iya cewa bai gane ba a gaban yaran da ya yi wa bulala da hannunsa, saboda haka kullum gyaɗawa yake. Ni kuma in juya allo ina jin daɗin kaina, ina cewa lallai na iya koyarwa.

Wata Laraba na yi musu tambayar da na ɗauka wasa ce. Na ce ga gona, tsawonta taki goma, faɗinta taki goma, tana cin iri tiya ɗaya. Aka ninka tsawon, aka ninka faɗin, tiya nawa za ta ci? Kowa ya saci kallon bencin gaba. Malam ya gyara zama ya ce biyu. Na ce su wa suka yarda, hannu arba'in da ɗaya suka tashi. Amsar kuwa huɗu ce. Na tsaya da alli a hannu, ina kallon mutumin da ya goye ni a keke. Ka ce masa ya yi kuskure a gaban yaransa, ka zama butulu. Ka yi shiru, ka raka shi har bakin ramin da zai faɗa. Abin da na yi shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa: na ce za mu dawo kanta, na goge allo. Gwajin da na yi musu a ƙarshen watan ya nuna mini sauran, domin da na zauna dubawa sai na ga kamar ban taɓa shiga ajin ba.

A lokacin Inna, kakarku, tana zaune tare da mu a gidan malamai. Na dawo da azahar na ajiye takardun, aka kawo tuwo na ture. Mahaifiyarku tana tsintar wake a faifai, Inna tana kaɗi a gindin bango. Inna ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ba a shiga gidan da damuwa a fita ba ta ƙwaƙulo ta ba. Na ba ta labari tiryan-tiryan, ina jiran ta ce Allah ya kyauta. Sai ta ajiye mazari ta dube ni.

"Kai dai boko ya cika maka kai har ka mance gida. Ka tuna ranar da zoben Gwaggo Tabawa ya ɓace?"

Na tuna. Ina ƙarami a Rawayau, zobe ya ɓace a gidanmu, gida mai mata da yawa. Ba a rantsar da kowa ba, ba a buɗe akwatin kowa ba. Aka ce kowace mace ta shiga ɗakinta ta fito da toka cike da hannu a dunƙule, ta zuba a tsakar gida. Da aka gama aka baje tulin tokar, sai ga zobe. Aka wanke shi aka ba mai shi, ba wanda ya tambayi daga hannun wa ya fito.

"Wadda ta ɗauka ba ƙin maidowa take ba," in ji Inna, "ido take tsoro. Su ma 'yan makarantar nan taka ba ƙin hwaɗi suke ba. Ɗauke musu ido, ka ga abin da ke cikinsu."

Mahaifiyarku ba ta ko ɗaga kai daga faifai ba ta ce, "Amma kada ka kai toka aji, ni ke wankin rigunan. Ga wake nan, ga masara, ga gyaɗa. Kowace amsa da ƙwayarta."

Ita ce kuma ta ce a ƙara tsakuwa, ta wanda bai gane ba. Ta ɗauko ƙwarya ta shimfiɗa auduga a ciki don kada a ji ƙarar abin da aka jefa, ta ɗaure bakin da ƙyalle, ta tsaga tsakiyarsa daidai shigar hannu. Kun ga ke nan, ni nawa a ciki bai wuce ɗaukar ƙwaryar a bayan babur ba.

Ranar farko dariya aka yi mini har da riƙe ciki. Kafin in gama bayani an cinye rabin gyaɗar, dole washegari mahaifiyarku ta musanya ta da 'ya'yan tsamiya, waɗanda ko akuya sai ta yi shawara. Na raba wa kowa ƙwayoyinsa, na sake rubuta tambayar gonar. Wake tiya biyu, masara uku, tsamiya huɗu, tsakuwa ban gane ba. Ƙwarya ta zaga, kowa ya tura hannu a dunƙule ya fito da shi a buɗe. Na juye a faifai a gaban kowa, muka ware. Wake ya fi yawa, masara kaɗan, tsakuwa ko ɗaya babu. Amma ga tsamiya tara. Mutum tara a ajin nan sun san gaskiya tun ranar Laraba, suka ɗaga hannu a kan abin da suka san ba haka yake ba. Na ji raina ya ɓaci, na kuma ji wani sanyi a lokaci ɗaya.

Ban faɗi amsa ba. Na ce kowa ya juya ga na kusa da shi, ya kare ƙwayar da ya ga dama ko ba ita ya jefa ba, kuma kada in ji an ce wane ya ce, a ce wake ya ce, tsamiya ta ce. Ajin da ban taɓa jin muryarsa ba sai ya koma kamar mahauta ranar kasuwa. Da gardama ta yi zafi na ce a fita waje. Suka zana gonar a ƙasa da kara, suka auna da taki, suka ninka tsawo, suka ninka faɗi. Wani ɗalibi mutumin Dabawa, Mamman, manomi ɗan manomi, ya tsaya a tsakiyar zanen yana juyi.

"Wallahi wake ya yi ƙarya. Ku duba mana, ai gonar hwarko huɗu ce ta shiga nan ciki."

Ya faɗi haka Malam Haladu yana tsaye kusa da shi, kuma sama ba ta faɗo ba, don wake aka ƙaryata. Muka koma aji, ƙwarya ta sake zagawa. Na juye, faifai ya yi baƙi da tsamiya. Nan ne na yi wautar da ta kusa rushe komai. Murna ta ɗebe ni, na shiga ƙirgawa da ƙarfi, na kai arba'in da ɗaya, na ɗaga ƙwayar da ta rage sama ina dariya, na ce saura wake ɗaya mai taurin kai. Dariyar ni kaɗai na yi ta. Babu wanda ya kalli Malam Haladu, kuma rashin kallon nan shi ya faɗi komai. Da aka kaɗa ƙararrawa ya tattara littattafansa ya fita. Washegari bencinsa babu kowa, haka jibi, haka har mako ya ƙare.

A cikin makon shugaban kwalejin ya aiko kirana. Mista Bulus sunansa, mutumin kudancin Zariya, mai gaskiya ne amma manhaja a wurinsa kamar farilla take. Takardar tuhuma tana kan teburinsa an riga an buga ta.

"Malam Lawal, an ce ka mai da aji kasuwar hatsi. Tambaya ɗaya ta cinye maka darasi guda, ga dattijo ka kora. Da wannan tafiya yaushe za ka gama manhaja?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bara an gama manhaja, kuma an ga sakamako."

Bai ji daɗin amsar ba, ni ma da na fito na san bakina ya yi tsawo. Ya ce sunana yana cikin waɗanda za a tura ƙaro karatu a jami'a a ƙarshen shekara, amma ba zai sa hannu ga malamin da ke da tuhuma a fayil ba. In na ajiye ƙwarya zai yaga takardar, in na ci gaba ta shiga fayil. Na koma gida na tura ƙwaryar ƙarƙashin gado, na ce wa kaina da muguwar rawa gara ƙin tashi. Inna ta bar ni na kwana biyu ina kumbure-kumbure, ranar Asabar da safe ta ce da ni, "Karatu ba ya gudu. Mutumin da ya goye ka shi ne zai gudu. Tashi ka tahi Kurfi."

Ban same shi a gida ba, aka ce yana gona. An gama girbi, gonar fayau, sai kututturan kara. Na hango shi daga nesa da igiya a hannu, ya kafa turaku, ya ja layi a ƙasa. Da na matso sai na ga abin da ya zana: gona ƙarama, da babba, an raba babbar gida huɗu. Na kashe babur na durƙusa, na fara ba da haƙuri. Ya bar ni na yi ta zuba har na rasa abin faɗa.

"Ka gama? To ba kai ka kore ni ba. Tun muna tsaye wurin zanen nan na ga huɗu ce. Waken nan na jehwa shi ne don tsamiyar ta ƙi haɗiyuwa."

Ya zauna a kan kunyar gonar ya ajiye igiyar. Ya ce kwana shida ke nan yana ƙoƙarin tuna fuskokin yaran da suka bi ta hannunsa, shekara ashirin da uku, duk ya koya musu biyu, kuma wanda ya ce huɗu mai yiwuwa ya sha bulala. Ya ce ba kunyar aji ce ta hana shi zuwa ba, wannan ce. Ban taɓa ganin hawayen Malam ba sai ranar, kuma ni ma ban iya riƙe nawa ba. Na ce masa in yana so zan bar ƙwaryar, in riƙa zuwa Kurfi duk Asabar ina koya masa shi kaɗai, ba wanda zai sani. Ya dube ni irin kallon da yake mini ina aji biyu.

"Ni kaɗai ke da jarrabawa? Sauran arba'in da ɗayan hwa, ka bar su suna jiran kaina shi gyaɗa? Koma ka ɗauko ƙwaryarka."

Ranar Litinin na ɗaure ƙwarya a bayan babur, na bi ta gaban ofishin Mista Bulus da ita, ba don tsokana ba, hanyar ce ta bi ta nan. Malam yana bencinsa. Na rubuta sabuwar tambaya a kan rabon gado, sulusi da rubu'i wanne ya fi, da yadda za a haɗa su. Ƙwarya ta fara daga gaba. Da ta zo gabansa bai tura hannu ba. Ya miƙe tsaye, ya buɗe tafinsa kowa ya gani, tsakuwa ce. Ya tako ya ajiye ta a kan teburina, ta yi ƙara.

"Malam Lawal, ni Haladu ban gane ba. A sake muna."

Da na juye ƙwaryar a ranar, tsakuwa ta kusa kai rabin faifai. Mutanen da suka yi wata biyu suna ce mini mun gane. Daga nan aikin ya zama aiki. Inda tsakuwa ta yi yawa mu tsaya mu sake, inda wake da tsamiya suka raba aji mu yi gardama sannan mu sake jefawa, inda faifai ya zama launi ɗaya mu wuce ba ɓata lokaci. Malam ya zama ya fi kowa gardama, kuma na sha ganin Mamman na Dabawa yana kama hannun rigarsa yana cewa a'a Malam, masara ba ta da hujja. A gari aka sa mini suna Malam Mai Wake, har masu kayan miya suna tambayata ko ajin yana bukatar kuɓewa. Manhaja kuwa ban gama ta ba, babi biyu suka rage.

Takardar tuhuma ta shiga fayil kamar yadda aka yi mini alkawari, sunana ya fita daga jerin masu tafiya. Sai bayan shekara uku na samu tafiya jami'a, kuma Inna ta rasu ina shekarar ƙarshe. Ba ta ga digirin da take ta tambayata yaushe za a ba ni ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, kuma ba na so ku ɗauka abin ya zo a banza.

A waccan shekarar ta ƙwarya kuwa, ranar da sakamakon jarrabawar ajin ya fito, Mista Bulus da kansa ya tako har ɗakin malamai da takardar a hannu. Waɗanda suka faɗi lissafi a ajina ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ban tsaya duba wannan ba, na bi jerin da yatsa ina neman suna ɗaya. Malam Haladu ya ci, kuma ba da ƙyar ba. Mista Bulus ya tsaya yana kallona, sannan ya tambaye ni a hankali ko mahaifiyarku za ta iya ɗaure wa malamin kimiyya ƙwarya irin tawa. Na ce zan tambaye ta, amma ta fi son a zo da audugar.

Da la'asar ranar muna zaune a ƙofar gida sai ga keke. Malam ya taka shi tun daga Kurfi, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya gaisa da Inna, ta ce masa barka, ya ce barkanmu dai. Sannan ya zaro wani ɗan ƙulli daga aljihu ya kwance a tafina: wake, masara da ƙwayar tsamiya, waɗanda na raba masa tun farkon shekara. Ya ce ya kawo kayan makaranta, kada a ce hedimasta ya gudu da su. Na duba na ce ai saura ɗaya, Malam. Ya dafa aljihun gaban rigarsa.

"Wagga ba ni maido ta. Gobe akwai taron yara da sahe, ina so su ga hedimastansu da ita."

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana hedimasta, kuma duk yaron da ya yi makarantarsa a shekarun nan ya san ƙwarya. Da ya rasu, ɗansa ya ce mini sun sami tsakuwar a aljihun rigar da ya cire a ranar, ta yi santsi saboda shafa. Saboda haka Murjanatu, in za ki sake ba abokan aikinki labari, ki ce dabarar ta kakarki ce, ƙwaryar ta mahaifiyarki, babanki ɗan dako ne. Ki kuma duba mini wayar nan taku da kyau, ki ga ko an sa mata wurin tsakuwa.